Gardamar Gwani Da Ƙungiya: Labarin Chamberlain Da Russell

Akwai wata gardama da ta daɗe tsakanin ma'abota ƙwallon kwando, watau wasan nan da ake yi mutum biyar-biyar, kowane sashe yana neman jefa ƙwallo cikin kwandon abokin karawarsa. Waɗansu suna cewa gwani guda shi ke ɗauke da ƙungiya, sauran huɗun 'yan rakiya ne. Waɗansu kuwa suka ce a'a, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. To, maimakon mu yi ta ja-in-ja da fatar baki, ga labarin mutum biyu na ƙasar Amurka, kowa ya auna da hankalinsa.

Na farko shi ne Wilt Chamberlain, ƙato mai tsawon ƙafa 7 da inci 1. Ran 2 ga Maris 1962, yana yi wa ƙungiyar Warriors ta birnin Filadelfiya wasa, ya ci maki 100 shi kaɗai a wasa guda, abin da har yau ba a sami wanda ya maimaita ba a gasar NBA. A wannan kakar wasa ya tara maki 4,029 cikin wasa 80, watau fiye da 50 ke nan a kowane wasa. Duk wanda ya ji wannan lissafi zai ce lalle kofi yana hannun Filadelfiya. Ashe ba haka ba ne. Ƙungiyar Celtics ta birnin Boston ta fitar da su a wasa na bakwai, da maki 109 da 107. Da kaka ta kewayo, bayan ƙungiyar ta koma San Francisco, ya ci kusan maki 45 a kowane wasa, amma wasa 31 kaɗai suka ci, aka cinye su 49.

Na biyu shi ne Bill Russell na Boston ɗin nan. Shi bai kai maki 19 a wasa ba a kakar 1962, amma da aka tambayi 'yan wasa su zaɓi wanda ya fi kowa daraja, sai suka tsallake mai maki 50 suka zaɓe shi. Me suka gani? Aikinsa tsaron gida ne. In abokin karawa ya jefo ƙwallo sai ya yi tsalle ya tare, kuma ba ya kaɗe shi waje don 'yan kallo su yi sowa, sai ya karkata shi wajen ɗan'uwansa, kafin waɗancan su juyo an riga an kai musu hari. Abin mamaki, a zamanin ba a rubuta wannan aiki a takardar lissafi, gama sai a kakar 1973 aka soma ƙidaya tare ƙwallo. Mai duba takarda ba ya ganinsa, amma wanda aka tare wa jifa uku a jere ya sani, har hannunsa ya riƙa rawa a na huɗu. Kaka 13 Russell ya yi, ya ɗauki kofi 11.

Amma a ganina hujjar da ta fi ƙarfi tana jikin Chamberlain da kansa. A kakar da ta ƙare a 1967, yana tare da ƙungiyar 76ers, mai horar da su Alex Hannum ya bukace shi da ya rage jifa, ya riƙa miƙa wa 'yan'uwansa. Makinsa ya sauko zuwa 24, ƙasa da rabin na da. Sai ga shi sun ci wasa 68 cikin 81, suka kori Boston wadda ta yi shekara 8 a jere tana riƙe da kofi, sa'an nan suka ɗauka. Mutumin bai sake ba, tsawonsa bai ƙaru ba. Abin da ya sake shi ne, da can mutum huɗu suna tsaye suna kallonsa, yanzu kuwa in an taru a kansa, sai wanda aka bari shi kaɗai ya sami ƙwallo.

Sai dai kada mu zalunci masu ɗaya ra'ayin. A 1967 yana da gwanaye a gefensa, irin su Hal Greer da Chet Walker da Billy Cunningham, kuma miƙa ƙwallo ga wanda bai iya jifa ba ai asara ce. Har wa yau, ba don tsoronsa ba da ba a taru a kansa ba. Haka kuma da Russell ya aje wasa a 1969, Boston ta faɗo daga cin wasa 48 zuwa 34, ba ta ko kai ga wasannin neman kofi ba, ko da yake Sam Jones, gwanin jifarsu, shi ma a shekarar ya tafi, don haka ba a ɗora dukan nauyin a kan mutum guda ba.

Chamberlain ya sake ɗaukar kofi sau ɗaya, a 1972, tare da Lakers ta Los Angeles, wadda ta ci wasa 33 a jere a wannan kaka. Makinsa a lokacin bai cika 15 a wasa ba, watau ya ɗan gaza abin da Russell ya saba ci a tsawon zamaninsa.