Ido, Ƙwaƙwalwa da Wasan Tseren Motoci: Me Ya Sa Ake Rigima a Kan Hoto 60?

A watan Yuni na shekarar 2022 ne kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya nuna wa duniya ɗanɗanon wani wasan tseren motoci mai suna Forza Motorsport, wanda reshensa na Turn 10 yake shiryawa domin na'urar wasa ta Xbox da kuma kwamfuta. Tun daga ranar har zuwa 10 ga Oktoba, 2023, lokacin da wasan ya shiga kasuwa, masoyansa ba su huta da muhawara ba. Abubuwa uku suka ɗora wa rai. Suna son hoto mai tsananin kaifi irin wanda ake kira 4K, suna son hasken rana da inuwa su riƙa sauka a jikin mota kamar a zahiri, sa'an nan suna son na'urar ta riƙa zana hoto 60 a kowane sakan ɗaya ba tare da ta yi tuntuɓe ba. A watan Janairu na 2023 kamfanin ya yi musu alkawarin duka ukun.

Mai karatu zai iya ɗaukar wannan a matsayin zancen waɗanda suka ƙoshi suka rasa abin yi. Amma duk wanda ya karanta ilmin halittu zai ga cewa ainihin muhawarar a kan idon ɗan Adam ake yin ta, ko da masu yin ta ba su sani ba.

Hoton da ba ya motsi

Da farko ya kamata mu gane cewa babu abin da yake motsi a fuskar talabijin. Hotuna ne tsayayyu ake jerowa ɗaya bayan ɗaya cikin sauri, ƙwaƙwalwa kuma ta haɗa su ta ce mana mota tana gudu. Yaron da ya taɓa juya bakin wuta da dare ya ga da'irar wuta a iska ya riga ya san rabin wannan darasi, watau ƙwayoyin da suke karɓar haske a bayan ido ba sa sakin saƙo nan take, sai ya ɗan jima. Ɗaya rabin kuwa aikin ƙwaƙwalwa ne: idan ta ga abu a nan, jim kaɗan ta gan shi a can, sai ta yanke hukunci cewa tafiya ya yi. Masanin nan na Jamus, Max Wertheimer, ya yi bayanin wannan tun 1912.

Silima tana nuna hoto 24 a sakan. Talabijin ɗin da muka saba da shi a Nijeriya an gina shi ne a kan 25, domin wutar lantarkinmu tana kaiwa da komowa sau 50 a sakan. A Amurka kuwa sau 60 take yi, tsarin talabijin ɗinsu da na Japan ya bi wannan lissafi, kuma da yake a waɗannan ƙasashe biyu aka fi ƙera na'urorin wasa, sai 30 da 60 suka zama ma'auni. Ashe ke nan lambar 60 daga injiniyoyin lantarki aka gaje ta. Sai dai ta yi dace, domin a wajen yawancin mutane fitilar da take kunnuwa tana mutuwa sau 50 zuwa 60 a sakan takan daina ƙyaftawa, a gan ta kamar tana ci ɗoɗar. Ƙuda kuwa yana iya rarrabe ƙyaftawa fiye da 200 a sakan, wannan yana cikin dalilan da suka sa mari ba ya cika samunsa.

To, in har 24 ta ishi silima, me zai hana ta ishi wasa? Dalili shi ne mai kallon silima zaune kawai yake, mai wasa kuwa tuƙi yake yi. Bari mu yi lissafi. Motar da take gudun kilomita 300 a awa tana cin mita 83 a kowane sakan. Idan na'ura tana ba da hoto 30, tsakanin hoto da hoto motar ta yi tsallen kusan mita 2.8 wanda direba bai gani ba. Idan 60 ne, tsallen ya dawo mita 1.4. Alamar da ke gefen hanya, wadda direba yake dubawa domin ya san inda zai taka birki kafin kwana, a hoto 30 tsalle-tsalle take yi maimakon ta taho a hankali. Bugu da ƙari, ido yakan bi abu mai tafiya sannu a hankali ba tare da yankewa ba, alhali hoton yana tsaye wuri ɗaya har sai na gaba ya zo, saboda haka sai ya shafe a bayan ido ya yi dishi-dishi. Gwargwadon daɗewar kowane hoto, gwargwadon wannan dishi-dishin.

Gaskiya ne cewa jikin mutum ya fi na'urar nawa. Daga lokacin da haske ya faɗa ido zuwa lokacin da yatsa ya motsa akan ɗauki kamar rubu'in sakan, wanda a gudun da muka ambata ya kai mita 20. Malamai za su iya gwada wannan a aji da rula: ɗalibi ɗaya ya sake ta, ɗaya ya cafe da yatsu biyu. Idan ta faɗi santimita 20 kafin a kama, an ɗauki sakan 0.2 ke nan. Wani zai ce to mene ne mita ɗaya da rabi a gaban mita 20? Amsar ita ce tuƙi gyara ne a kan gyara. Hannu ya murɗa sitiyari, ido ya ga sakamako, ƙwaƙwalwa ta aiko da gyara, haka nan ba tsayawa, kuma kowane jinkiri yana shiga cikin kowane zagaye. A nan ina ganin masoya wasan suna da gaskiya ƙwarai.

Kaifin hoto da iyakar ido

Inda nake da ja da su shi ne batun 4K. Hoton talabijin ɗigo-ɗigo ne. Na 4K yana da ɗigo 3,840 a kwance da 2,160 a tsaye, jimla fiye da miliyan 8, watau ninki huɗu na hoton da ake kira 1080. Idan za a zana shi sau 60, na'ura za ta lissafa launin ɗigo kusan miliyan 500 a kowane sakan, kuma kowane hoto dole ya kammala cikin kashi 1 bisa 60 na sakan. Kamar kuɗin cefane ne: abin da aka kashe a kan nama ba za a sake kashe shi a kan shinkafa ba.

Shin ido yana amfana da duk wannan wahala? A bayan ido akwai tantani mai ɗauke da ƙwayoyin gani iri biyu. Masu siffar sanda sun haura miliyan 90, su ne masu aiki a duhu. Masu siffar mazurari kuwa kimanin miliyan 5 ne kawai, su ne masu ganin launi da ƙananan abubuwa, kuma sun fi cunkushewa a wani ɗan gurbi a tsakiyar tantanin. Faɗin abin da wannan gurbi yake gani bai wuce farcen babban yatsa ba idan an miƙe hannu. Mai karatu ya kafa ido a kan kalma ɗaya a wannan shafi, ya yi ƙoƙarin karanta ta biyar daga gare ta ba tare da ya motsa idon ba, zai tabbatar. Direban da ya kafa ido a kan kwana ba ya ganin ganyen bishiyar gefen hanya dalla-dalla, gefen idonsa motsi kawai yake kamawa, kuma a wannan fanni gefen ido gwani ne. Har ila yau, ido mai matsakaicin ƙarfi da yake kallon talabijin mai inci 55 daga nesan da ya wuce mita 2 da 'yan kai ba ya iya rarrabe ɗigogin hoton 1080 ma, balle na 4K.

Masu shirya wasanni sun daɗe da sanin haka. A 1998 kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da F-Zero X, inda motoci 30 suke tsere a lokaci ɗaya a hoto 60. Domin a sami haka sai aka tsiraita gefen hanya, aka rage ado, har wasu suka yi ta kushe shi da rashin kyau, amma masu wasa suka yaba santsin gudunsa. A 2014 kuma wasan Driveclub na kamfanin Sony ya bi ɗaya hanyar, ya zaɓi ado ya tsaya a 30, aka yi ta ce-ce-ku-ce tun kafin ya fito.

Abu na uku, watau haske, shi ya fi tsada. Dabarar ita ce bin sawun haske: na'ura ta lissafa yadda kowane zaren haske yake dukan fenti ko gilashi ko ruwan da ya kwanta a kwalta, ya karkata ya shigo ido. Lokacin da Gran Turismo 7 na kamfanin Polyphony Digital ya fito a watan Maris na 2022, an kunna wannan dabara ne a wurin ɗaukar hoton mota da maimaita kallon tsere bayan an gama, amma a cikin tseren kansa an kashe ta domin kada 60 ta girgiza. Wannan ne ya sa alkawarin Forza Motorsport ya ja hankali, tun da ya ce zai yi abin da abokin gasarsa ya kauce wa.

Da wasan ya fito, sai aka tarar a babbar na'urar Xbox Series X an ba mai wasa zaɓi uku. Ko dai ya ɗauki cikakken ado a hoto 30, ko ya ɗauki 60 ba tare da bin sawun haske a kan hanya ba, ko kuwa ya haɗa 60 da bin sawun hasken amma na'ura ta riƙa rage yawan ɗigo a ɓoye duk lokacin da aiki ya yi mata yawa. Masoya da dama suka jera hotunan tallar 2022 kusa da na wasan da suka saya, suna kukan cewa an rage kyan haske. Abin lura a nan shi ne, tsayar da hoton suka yi, suka faɗaɗa shi, suka bi shi lungu-lungu da wancan ɗan gurbi na tsakiyar ido kafin su ga bambancin, abin da direba mai cin mita 83 a sakan ba shi da sukunin yi.