Gambo Sawaba da Hanyar Zariya

Duk wanda ya fito daga Darmanawa ya nufi Gyadi-Gyadi, ba zai rasa ganin katangar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a bakin titin Zariya ba. Sunan Malam kowa ya san shi, har yaran da ke tallan gyaɗa a bakin ƙofa. Ni kuwa idan na tsaya jiran ɗan adaidaita a wurin, Zariyar da titin ya dosa ce ke faɗo mini a rai, domin can aka taɓa tasa ƙeyar wata matashiya daga Kano, aka ce kada ta sake takowa. Laifinta shi ne ta shiga gidaje ta yi wa mata maganar siyasa.

Sunanta na yanka Hajaratu. An haife ta a 1933, kuma da yake tagwaye ta bi, sai aka kira ta Gambo. Mahaifinta mutumin Gana ne, mahaifiyarta Banufiya. Duka biyun sun rasu tana ƙarama, karatu ya tsaya, aka aurar da ita tana shekara 13. Da haka ta fara rayuwa a Sabon Garin Zariya, ba gata, ba takarda.

A watan Agustan 1950 aka kafa NEPU a Kano, jam'iyyar talakawa masu neman sawaba daga danniyar En'e da Turawan mulkin mallaka. A wancan zamani ba ƙaramin ganganci ba ne mutum ya ce shi ɗan NEPU ne. Ɗan doka na iya kama shi, alkali ya ɗaure shi, 'yan banga su tare shi a hanya. Maza da gemunsu suna ɓoye katinsu. Gambo ta shiga tana 'yar shekara 17, ta zama shugabar mata, kalmar sawaba kuma ta manne wa sunanta har ta mutu. Ta yi tattaki har Abekuta don ganin Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta jagoranci mata suka yi bore kan haraji har Alake, sarkin garin, ya sauka daga karaga a 1949. Ta dawo da yaƙinin cewa mata na iya girgiza fada.

Da jam'iyya ta turo ta Kano, ba dandali ta nufa ba. Gida-gida ta riƙa bi, tana sallama, tana zama a tabarma da matan kulle, tana yi musu bayanin auren wuri, da karatun 'ya'ya mata, da ƙuri'ar da aka hana su. Wannan ne ya tayar da hankalin masu mulki, don shiga ce inda namiji ɗan siyasa ba ya iya kaiwa. Aka gurfanar da ita gaban alkali, aka ɗaure ta wata uku. Da ta fito ba ta ja bakinta ba, ta fallasa halin da mata ke ciki a kurkuku, shi ne aka kore ta daga garin.

Daga nan ɗauri ya zame mata kamar zuwa unguwa: sau 16 aka kai ta gidan yari. An yi mata bulala. An aske mata kai da fasasshiyar kwalba. Ka tsaya ka ɗan auna wannan: mace, a ƙasar da gashin kai yake mutunci, a danne ta a kankare mata shi da gilashi jini na zuba, don kawai sauran mata su gani su tsorata. An kuma yi mata dukan da ya bar mata ciwo har tsufa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, masu wannan aiki suna yi ne da sunan kare tarbiyya.

A zaɓen 1959 matan kudu sun kaɗa ƙuri'a, na arewa suna kallo. Aka samu 'yancin kai a 1960, ba abin da ya canja musu. Jamhuriya ta farko ta faɗi, soja suka zo, aka yi yaƙin basasa, Gambo na nan kan bakanta. Sai a 1976, da aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul, aka buɗe wa matan arewa ƙofa, kuma a 1979 suka zaɓi shugaban ƙasa a karon farko. Funmilayo ba ta ga ranar ba. Sojoji sun jefo ta daga bene a gidan ɗanta Fela a 1977, ta rasu a 1978. Gambo ta gani, lokacin tana cikin manyan jam'iyyar GNPP ta Waziri Ibrahim.

Zariya ta sake haifar wata irinta, Kudirat Abiola, wadda ta tsaya kai da fata a kan zaɓen shugaban ƙasa na 12 ga Yuni da aka soke, har aka harbe ta cikin motarta a Legas ranar 4 ga Yuni 1996, zamanin mulkin Abacha.

Hajiya Gambo ta rasu a watan Oktoban 2001. An sa wa babban asibiti sunanta a Zariya, da ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero, a cikin garin da aka taɓa korar ta. Ranar zaɓe kuwa, layin mata a rumfunan Tarauni, nan cikin Kano, kan yi tsawo tun da sassafe, wasu da goyo, wasu da katin zaɓe ƙulle a bakin zani, kowacce tana jiran a kira ta ta dangwala yatsa.