Taron Nikiya: Gardamar da ta faro a Iskandariyya ta girgiza Daular Rum

A cocin Katolika da na Angilika, daga Kaduna da Jos har zuwa Landan, akwai lokacin da masu ibada ke miƙewa ranar Lahadi su karanta wasu jimloli da murya ɗaya. Ana kiran su Shaidar Bangaskiya ta Nikiya. A shekarar 2025 aka cika shekara 1,700 da taron da ya fara rubuta su. Abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba shi ne, gardamar da ta haifar da taron a nahiyarmu ta Afirka ta faro.

Tun farko mabiya Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa (AS), sun gaji imani da Allah ɗaya daga Yahudawa, amma kuma suna yi wa Yesu sujada. To yaya za a bayyana waɗannan biyun tare? Malamansu sun daɗe suna neman kalmomin da suka dace. Wajen shekarar 200, wani marubuci mai suna Tartuliyan, ɗan birnin Kartaj da ke ƙasar Tunisiya a yau, ya yi amfani da kalmar Latin da ta zama "Triniti", wato Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki a matsayin Allah ɗaya. Sai dai samun kalma bai kashe tambayar ba.

Wajen shekarar 318 wutar ta tashi a Iskandariyya ta ƙasar Masar, birnin malamai da littattafai. Wani limamin coci mai suna Ariyus, wanda asalinsa ɗan Libiya ne, ya riƙa koyar da cewa Uba kaɗai ne ba shi da farko. A ganinsa Ɗan halitta ne, mafi ɗaukaka a cikin halittu, amma akwai lokacin da babu shi. Bishop ɗin birnin, Alekzanda, ya ce sam: idan Almasihu halitta ne, ba zai iya ceton 'yan Adam ba, kuma yi masa sujada kuskure ne. Aka kori Ariyus daga coci, amma bai yi shiru ba. Ya aika wa bishop-bishop na wasu ƙasashe wasiƙu, kuma an ruwaito cewa ya sa koyarwarsa cikin waƙoƙi don matuƙa jirgin ruwa da masu niƙa da matafiya. Kafin a ankara, maganar ta bar ɗakin karatu ta shiga kasuwa.

Wanda abin ya fi tayar wa hankali shi ne Sarki Konstantin. Shi ne ya ba Kiristoci 'yancin addini a shekarar 313, bayan tsanantawar da suka sha tun daga 303 a zamanin Sarki Diyokletiyan. A 324 ya ci abokin hamayyarsa Lisiniyus da yaƙi, ya haɗe daular a hannunsa, sai ya tarar cocin da yake fatan ta haɗa kan jama'a ta rabu biyu. Da farko ya rubuta wa Alekzanda da Ariyus wasiƙa, yana cewa abin da suke faɗa a kai bai taka kara ya karya ba. Wasiƙar ba ta yi aiki ba. Sai ya kira taro.

A shekarar 325 bishop-bishop kusan ɗari uku suka hallara a garin Nikiya, wanda a yau ake kira Iznik a ƙasar Turkiyya. Sarki ne ya ɗauki nauyin tafiyarsu. Mafi yawansu daga gabashin daular suka fito, kuma marubutan tarihin coci sun ce wasunsu sun zo da tabon azabar da aka gana musu a baya. Matsalar da suka ci karo da ita ita ce, duk ayar Littafi Mai Tsarki da aka kawo, kowane ɓangare yana da tasa fassarar. Daga ƙarshe suka ɗauko wata kalmar Girkanci da ba ta cikin Littafin, "homo'usiyos", ma'ana Ɗan da Uban ainihinsu ɗaya ne. Wannan kalma ce magoya bayan Ariyus ba za su iya lanƙwasawa ba. Kusan kowa ya sa hannu, ban da bishop biyu daga Libiya, waɗanda aka kora daga ƙasa tare da Ariyus. Taron ya kuma tattauna lokacin bikin Ista, ya kafa dokoki 20 na tafiyar da coci.

Amma an kashe maciji ba a sare kansa ba. Fiye da shekara hamsin aka ci gaba da ja-in-ja. Wasu ma suka kawo "homoi'usiyos", wato ainihinsu ya yi kama, kalmar da harafi ɗaya tak ya raba ta da ta farko. Konstantin kansa ya sassauta daga baya, kuma bishop ɗin da ya yi masa baftisma dab da rasuwarsa a 337 tsohon mai goyon bayan Ariyus ne.

Wanda ya tsaya kai da fata kan matsayar Nikiya shi ne Atanasiyus. Ya je taron yana matashin mataimakin Alekzanda, ya gaje shi a 328. Sau biyar ana raba shi da kujerarsa. A karon farko an zarge shi da barazanar hana jiragen hatsi tashi daga Masar zuwa babban birnin daular, aka tura shi can Tiriya, a ƙasar Jamus ta yau. Shi ne ya naɗa bishop na farko na Aksum a Habasha, kuma wasiƙarsa ta 367 ta lissafa littattafai 27 na Sabon Alkawari daidai yadda suke a yau. Ya rasu a 373, bai ga ƙarshen gardamar ba.

Sai a 381, a taron birnin Konstantinoful, wato Istanbul ta yanzu, aka sake tabbatar da matsayar Nikiya, aka kuma faɗaɗa bayani kan Ruhu Mai Tsarki. Wannan rubutun ne ake karantawa a coci har gobe.

Saboda haka, ɗalibi, duk ranar da ka ci karo da shekarar 325 a littafin tarihi ko a takardar jarrabawa, ka tuna cewa Ariyus da Alekzanda da Atanasiyus, mutum ukun da ke tsakiyar wannan labari, a birni ɗaya na Afirka suka yi wa'azi.