Ciwon Damuwa Ga Matasa: Tunatarwa Ga Iyaye Da Ɗalibai

 

Ya ku iyaye da ɗalibai, a wannan fitowa za mu yi magana a kan wani ciwo wanda ba ya zuwa da zazzaɓi ko kumburi.

Mu nan Riko, da ma ƙasar Jibiya baki ɗaya, yaranmu sun ga abin da mu ba mu gani ba muna kamarsu. Akwai wanda ya kwana cikin gona don gudun 'yan bindiga, akwai wanda aka tafi da mahaifinsa a gabansa. Ga kuma rufe iyaka da aka yi a 2019, aka sake a 2023, wanda ya zaunar da samari masu dako da acaɓa, har wasu suka faɗa wa tiramol. To irin wannan ba ya wucewa haka nan. Sai ka ga yaro mai kaifin hadda ya koma aya biyu ta gagare shi. Ba barci, da ya ji ƙugin babura sai ya zabura. Ko yarinya ta daina cin abinci, ta ƙaurace wa ƙawaye, sai kuka. Idan baƙin ciki irin wannan ya wuce mako biyu, likitoci suna zargin ciwon damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa.

Mu kuwa nan da nan sai mu yanke hukunci. Wani ya ce iskanci ne, a nemo bulala. Wata ta ce mutanen ɓoye ne. Aljanu gaskiya ne, ruƙya kuma halas ce, amma fa ba kowane shiru ne shafar aljani ba. Kuma kada a ce wa yaro imaninsa ne ya yi rauni. Annabi Yaƙubu, alaihis salam, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, wa zai ce imaninsa da sauƙi? Tun fiye da shekara 1,000 da suka wuce, malami Abu Zaid al-Balkhi a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus ya rarrabe baƙin ciki mai sanadi da wanda ke tasowa daga jiki ba sanadi, ya ce na biyun yana buƙatar magani. Ashe ba Turawa suka fara wannan ilmi ba.

Maganar mari kuwa, a bar ta. Mun tuna 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan yara da samari daga gidajen mari a Kaduna da Daura da Katsina, wasu ƙafafu duk gyambo. A 2023 an sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta kare haƙƙin irin waɗannan marasa lafiya.

Abin yi shi ne, uwa ko uba su zauna da yaron, su saurare shi ba tsawa. A ci gaba da addu'a, sannan a kai shi babban asibitin Jibiya. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura Katsina, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato. Maganin yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kuma ba a yanke shi sai da izinin likita.

Amma idan yaro ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a ce wasa ne. A ɓoye fiya-fiya da maganin feshin gona, kada a bar shi shi kaɗai, a tafi asibiti a ranar. Ku kuma ɗalibai, wanda abokinsa ya faɗa masa irin wannan magana, ko da ya ce sirri ne, ya zo ya same ni ko wani malami. Wannan ba tsegumi ba ne.

Wassalamu alaikum.