Idan Alƙali Ya Ajiye Riga Ya Zo Neman Ƙuri'armu

A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, jam'iyyar APGA ta tsayar da Mai Shari'a Peter Umeadi, wanda ya riƙe kujerar Babban Jojin Jihar Anambra daga 2011 zuwa 2019. Bai kai labari ba, amma fitowarsa ta bar mini tambayar da ta shafe mu a Sabon Birni da Isa na Jihar Sakkwato ƙwarai: shin ya dace alƙalin da ya yi ritaya ya nemi gwamna ko majalisar jiha?

Doka ba ta hana ba. Muddin yana bisa kujera, ƙa'idar aikinsa ta haramta masa siyasar jam'iyya. Ranar da ya sauka kuwa, sashe na 292 na Kundin Tsarin Mulki ya hana shi tsayawa gaban kotu a matsayin lauya, amma bai rufe masa ƙofar takara ba. Tun 2023 shekarun ritayar alƙalan manyan kotuna sun koma 70, don haka mai wannan buri ko dai ya ajiye aiki da wuri, ko ya shigo fage da furfura. Sai kuma kuɗi. A 2022 fom ɗin takarar gwamna a APC naira miliyan 50 ne. Fanshon alƙalin da bai ci hanci ba ba zai ɗauki wannan da hidimar kamfe ba, dole sai da uban gida. Hatsarin ke nan.

Arewa ta san mutumin da ya haɗa fagen biyu ya fita da mutuncinsa. Mamman Nasir, ɗan Katsina, ya zama lauya a Landan a 1955. A 1961 ya zama Ministan Shari'a a gwamnatin Sardauna, har zuwa juyin mulkin 1966. Daga baya ya hau Kotun Ƙoli a 1975, ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 1978 zuwa 1992. Da ya sauka aka naɗa shi Galadiman Katsina, Hakimin Malumfashi, inda ya ci gaba da sauraron koken talakawa har rasuwarsa a 2019. Shi daga siyasa ya tafi kotu, amma rayuwarsa ta nuna cewa mulki da shari'a suna iya zama a hannu ɗaya ba tare da ɗaya ya ɓata ɗaya ba.

Abin da ya sa na damu shi ne, wani ɓangare na masifar 'yan bindigar da ke damunmu a gaban masu hukunci ya faro. Ina yaro na sha ganin haka da kaka: shanu sun shiga gonar gero, manomi da makiyayi suna gurfane, kowa ya cire takalmi, an tura a je a ga ɓarna. Wani lokaci makiyayi ya sayar da saniya don biyan tarar da ta ninka ɓarnar, rabi kuma bai kai ga mai gona ba. Wani lokaci manomi ne ke komawa gida hannu rabbana saboda abokin shari'arsa ya fi shi hanya. Kowa ya tafi da abin a ransa.

Wannan ba uzuri ba ne ga waɗanda suka ƙone matafiya cikin mota kusa da Gidan Bawa a Disambar 2021, ko suka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a Agustan 2024. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yau akwai ƙauyukanmu da ke biyan 'yan bindiga haraji kafin su yi noma, dubban 'yan uwanmu kuma sun tsallaka Jihar Maraɗi neman mafaka.

Soja na iya korar mai bindiga, amma ba shi zai raba gardamar burtali da mashaya ba. Majalisar jiha ce ke yin dokar kotunan shari'a, ita ke amincewa da kasafin da zai biya alƙalin ƙauye albashin da zai tsare masa mutunci. Wanda ya shekara talatin yana duba ƙararraki ya san inda fayil ke maƙalewa da inda talaka ke gajiya ya haƙura. Muna bukatar wannan sani a Sakkwato.

Don haka idan tsohon alƙali ya zo mana da fosta, ni zan saurare shi, amma da tambayoyi uku. Waɗanne hukunce-hukunce ya yanke, kuma mai ƙaramin ƙarfi ya taɓa yin nasara kan mai hali a gabansa? Ya taɓa zama kan ƙarar zaɓen da jam'iyyar da ya shiga yanzu ta amfana da ita? Wa ya saya masa fom? Sauran 'yan takara alkawari suke kawo mana. Shi aikinsa na rubuce a kundin kotu, kuma haƙƙinmu ne mu bincika kafin mu dangwala masa.