Me Ya Sa Ƙofar Mota Ke Ƙin Rufuwa Idan An Ɗaga Gilasai?

Direbobi da yawa sun san wannan: gilasai a ɗage, ƙofofi uku a rufe, ta ƙarshe kuma sai an buga ta da ƙarfi. Sau tari ba makulli ne ya lalace ba, iska ce.

Ƙofa idan za ta rufu tana tura iska cikin motar. Robobin gefen ƙofofi suna hana iskar fita, sai ta matsu ta turo ƙofar baya. Tsohuwar Volkswagen Beetle ta yi suna da wannan hali.

Shi ya sa masu ƙera motoci ke sanya ƙananan kafofi masu marfin roba a gefen but, a ɓoye bayan bamba. Marfin yana buɗewa iska ta fita, ya koma ya rufe don kada ƙura da hayaƙin salansa su shigo. Idan kaya suka toshe kafofin, ko datti ya manne marfin, sai ƙofa ta fara gardama.

Gwajin ba wuya: a sauke gilashi ɗaya kaɗan, a tura ƙofar. In ta rufu salin-alin, a duba kafofin nan kafin a kashe kuɗi a kan sabon makulli.