Digiri ba tare da bashi ba: Yadda matasa ke koyon aikin odita a Ingila

A ranar 31 ga Disamba, yayin da tsararrakinsa ke shirin bikin shiga sabuwar shekara, ba abin mamaki ba ne a iske matashi ɗan shekara 19 a cikin wani katafaren sito a wajen birnin Manchesta, sanye da rigar sanyi, yana ƙirga katan-katan na kaya. Kamfanin binciken kuɗi ne ya turo shi ya tabbatar cewa abin da ke rubuce a littafi shi ne ke jibge a ƙasa. Matashin nan ma'aikaci ne mai albashi, kuma ɗalibi ne mai neman digiri.

A shekarar 2015 Ingila ta ɓullo da wannan tsari na koyon aiki haɗe da digiri. Kamfani ne ke ɗaukar yaro bayan ya gama sakandare, ya ba shi kujera da albashi da hutun shekara kamar kowa, sannan ya sake shi wani ɓangare na lokacin aiki, kusan yini guda a mako, domin karatu. Yakan ɗauki shekara uku zuwa shida. Kuɗin karatun yana fitowa ne daga wani haraji da aka fara karɓa a Afrilun 2017, inda duk kamfanin da albashin ma'aikatansa ya haura fam miliyan uku a shekara ke biyan rabin kashi ɗaya cikin 100. Wanda ya san kashi ɗaya cikin 100 da ITF ke karɓa a Najeriya ya riga ya fahimci dabarar.

Abin da ke jan hankalin iyaye shi ne lissafi. A 2025 kuɗin makaranta a jami'o'in Ingila ya kai fam 9,535 a shekara, wato sama da fam 28,000 a shekara uku, ban da ɗaki da abinci, kuma akasarin ɗalibai rancen gwamnati mai ruwa suke ci. Ɗan koyo kuwa ko sisi ba ya biya. Ga iyalan Musulmi da ke gudun bashin ruwa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Shi ya sa ake rububin guraben manyan kamfanonin nan huɗu, PwC da Deloitte da EY da KPMG.

To, mene ne aikin? Odita ba shi ke rubuta asusun kamfani ba. Nasa shi ne ya duba wanda aka rubuta, ya faɗa wa masu hannun jari da bankuna ko abin dogaro ne. A da, tun da ba zai yiwu a karanta kowane rasit ba, sai a tsamo ƴan kaɗan a gwada, kamar yadda mai sayen hatsi ke soka buhu ya ga ƙwayar da ta fito. Matsalar ita ce tsakuwa na iya kwanciya a inda ba a soka ba.

A nan nazarin bayanai ya shigo. Yanzu ɗan koyo yakan kwaso kundin shige da ficen kuɗi na shekara gaba ɗaya, layi miliyoyi, ya zuba a kwamfuta, ya yi masa tambayoyi da Excel ko SQL ko Python. Wane kuɗi aka shigar ranar Lahadi da tsakar dare? Wane ma'aikaci ne ya shigar da biya kuma shi ya amince da shi? Me ya sa biyan fam 9,900 ya yi yawa a kamfanin da sai an nemi izinin darakta kafin a fitar da fam 10,000? Akwai ma wata ƙa'ida mai ban sha'awa da ake danganta wa masanin kimiyya Frank Benford, wanda ya wallafa ta a 1938: a cikin tarin alƙaluma na haƙiƙa, kusan kashi 30 cikin 100 da lamba 1 suke farawa, waɗanda ke farawa da 9 kuwa ba su kai kashi biyar ba. Mai ƙirƙiro alƙaluma da ka ba kasafai yake kiyaye wannan ba, don haka asusunsa yakan karkace.

Sai dai kwamfuta nuni kawai take yi. Idan ta ware layi 200 masu alamar tambaya, matashin ne zai tashi ya je ofishin akantan kamfanin, wanda wataƙila ya haife shi, ya nemi takardar shaida, ya kuma ƙi gamsuwa da amsar baka. A ganina wannan shi ne mafi wuyar darasi, kuma shi ne aji ba ya iya koyarwa. Wanda ya fara aiki yana ɗan 18 yakan samu shekaru na irin wannan gogayya kafin abokinsa na jami'a ya taɓa fayil ko ɗaya.

Dalilin wannan tsanani a fili yake. A Janairun 2018 kamfanin gine-gine na Carillion ya durƙushe da bashin kusan fam biliyan bakwai, alhali fam miliyan 29 kacal ke hannunsa. Dubban ma'aikata da ƙananan ƴan kwangila suka shiga tasku. A 2023 hukumar da ke sa ido kan oditoci ta ci tarar KPMG, wanda ya daɗe yana duba asusun kamfanin, fam miliyan 21. Tun daga nan aka ƙara matsa wa kowane mai bincike, har da ƙaramin cikinsu, ya rubuta hujjar duk abin da ya amince da shi.

Rayuwar kanta ba ta da sassauci. Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da yawancin kamfanoni ke rufe littattafai, ana kai dare a ofis. Da an koma gida kuma littafi ke jira, domin mai son zama cikakken akanta a ƙarƙashin cibiyar ICAEW, wadda aka kafa a 1880, sai ya ci jerin jarrabawa fiye da goma, ya kuma cika kwana 450 na aikin gani da ido. Wasu kamfanoni sukan sallami wanda ya yi ta faɗuwa jarrabawa, kuma da zarar aikin ya tafi, karatun ma ya tsaya sai an samu wani ubangida. Dogon hutun jami'a da zaman ɗakin kwanan ɗalibai kuwa, sai dai ya ji labarinsu a bakin abokai.

Masu ƴaƴa da ke hangen wannan hanya daga nan gida su lura da sharuɗɗa. Dole mai nema ya mallaki izinin aiki a ƙasar, kuma a mafi yawan lokuta sai ya shekara uku yana zaune a can, don haka bizar karatu ba ta buɗe wannan ƙofa. Sannan daga Janairun 2026 gwamnati ta taƙaita tallafin mataki na bakwai, wanda ya yi daidai da digiri na biyu kuma ta nan akantoci da yawa ke bi, ga waɗanda ba su kai shekara 22 ba a lokacin farawa, in ban da wasu ƴan tsiraru da aka keɓe. Matakin digirin farko dai bai shiga cikin wannan sauyi ba.